Fili Sai Ya Sha Damina

Ban so mutumin nan ba tun ranar da ya shigo bironmu, wato ofishinmu, kuma ba zan yi ƙaryar cewa na jira na ga halinsa tukuna ba. Shekara goma sha tara ina zaune a sashen filaye da gine-gine na komin ɗinmu, wato ƙaramar hukumarmu, ɗaya daga cikin waɗanda ke jingine da Gaya, ba sai na faɗi wace ba. Da tsohon shugabanmu ya ajiye aiki, kowa ya ɗauka kujerar tawa ce. Ni ma haka na ɗauka, har matata ta sa aka ɗinka mini sabuwar shadda. Sai ga wani matashi daga Yamai da jakar goyo da takardar turi, wai an aiko shi ya gyara aiki. Ya miƙo mini hannu ya ce, "Duwayan, na ji labarinka." Duwayan kalma ce ta ma'aikata, da ita ake kiran wanda ya fi kowa daɗewa a wuri. A bakin wani girmamawa ce. A bakinsa sai na ji kamar ya ce mini tsohon kaya, kuma shaddar nan ban sa ta ba sai da Salla.

Aikinmu ba shi da wuyar faɗi. Gari yana faɗaɗa, ana yanka gonakin gefe a mayar da su filayen gini. Mu ke auna su, mu kafa borni, wato ƴan duwatsun siminti na iyaka, mu ba mutum takardarsa da izinin gini. Amma muna da wata ƙa'ida da ba ta cikin kowace doka, wadda na gada daga tsohon mai awon da ya koya mini aiki: sabon fili ba a ba da shi sai ya sha damina. In an yanka wuri da rani, dosiyensa, wato takardunsa, zai kwanta a armuwar, babban akwatin ƙarfen nan na takardu, har ruwa ya sauka. Bayan an yi manyan ruwa uku ko huɗu sai mu naɗe ƙafar wando mu fita zagaye, da turaku da jan ƙyalle. Inda ruwa ya kwanta mu kafa turke. Inda ya bi ya wuce ya bar yashi mai laushi da karmami a gindin sabara, nan ma mu kafa. Mu tambayi Fulanin da ke kiwo a wurin, mu tambayi matan da ke zuwa itace, mu tambayi masu gonar: shekarar da ruwa ya yi yawa, ina ya kai? Duk abin da aka faɗa mu rubuta a wani babban littafi mai baƙin bango, littafin damina. Tsohon yakan ce ruwan da ke gangarowa daga tudu zuwa kogi ba ya ɓata hanyarsa, ko ya shekara goma bai zo ba.

Kada in yi mana ado da yawa. A bayan wannan ƙa'ida mai kyau muka ɓoye lalacinmu duka. Mutumin da ke son ƙara shago ɗaya a ƙofar gidan ubansa, a tsakiyar gari, shi ma dosiyensa sai ya sha damina, wani har biyu. Butar shayi na kan garwashi tun hantsi. Mutum ya taso daga ƙauye bisa moto, wato babur, ya sha rana, a ce masa mai hatimi ya tafi ta'aziyya. Akwai kuma dosiye mai ƙafa, wanda kan yi tafiya da sauri in mai shi ya iya gaisuwa. Na san wannan duka, da ni ake yi, kuma a lokacin bai hana ni barci ba.

Sabon shef, wato shugaban namu, bai yi mako ba ya fitar da murhun shayi waje. Ya kawo ordinater biyu, wato kwamfuta, ya sa aka kafa allo a baranda, kowane dosiye da lambarsa da ranar shigarsa, duk mai wucewa ya gani. Ya ce daga yau babu takardar da za ta wuce kwana bakwai a hannunmu. Mai zuwa ya ɗauki ƴar takarda mai lamba a ƙofa, babu ɗan gari, babu ɗan Alhaji. Hatimi ya koma aljihun teburinsa, shi kuwa ba ya zuwa ta'aziyya sai bayan la'asar. Teburina da ke ƙarƙashin taga, inda na shekara goma sha tara ina shan iska, aka ja shi kusa da ƙofa, wai don jama'a su fara isowa wurin wanda ya san aiki. Ni dai na ga an mai da ni mai gadi.

Ranar da ya sa aka kwashe armuwar ne ya ci karo da littafin damina. Ya ɗaga shi, ƙura ta tashi, ya buɗe. Rubutu ne na hannu uku ko huɗu, tawada ta koɗe, Faransanci da Hausa a gauraye, babu lambar fili ko ɗaya, sai "gabas da tsamiyar maharba", "bayan rijiyar Fulani".

"Wannan fa, Duwayan?"

Da na zauna minti biyar na yi masa bayani, wataƙila da ya saurara. Ban sani ba. Abin da na sani shi ne ban zauna ba. Na ce masa, "Abin da babba ya hango ne, Shef. Yaro ko ya hau rimi."

Ma'aikata biyu da ke wurin suka sunkuyar da kai. Shi kuwa ya dube ni, ya rufe littafin, ya ce, "Bo. A kai mangaza. In na samu lokaci na duba." Daga nan ya ƙara da cewa maganar jiran damina ta ƙare, don a yanzu akwai hoton ƙasa da ake ɗauka daga sama, ba sai mutum ya shiga taɓo ba. Ni da hannuna na kai littafin mangaza, ɗakin ajiyar tarkace, na tura shi ƙarƙashin karyayyun kujeru inda na san ba zai samu lokacin ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne aikin ya yi kyau. Da a ce ya lalace da na samu abin faɗi. Amma mutane suka fara fita daga biro suna dariya, takarda a hannu. A masallaci ana yabonsa, a tashar Gaya ana yabonsa, har mai sayar mini da kifi a bakin kogi, wadda ba ta taɓa neman fili ba, ta ce ta ji an kawo mana ɗan albarka. Ni kuwa na koma yaƙin sunƙuru. Ordinater na ce idona ba ya gani. In wuta ta ɗauke sai in miƙe ƙafa in ce, "To, Shef, injin ya tafi ta'aziyya." In ya tambaye ni abu in ba shi rabin amsa. Ya sani, na san ya sani, muka ci gaba da gaisawa kowace safiya kamar mutanen kirki.

Farkon rani magajin gari ya ce yana son a raba sabbin filayen arewacin gari kafin ruwa ya sauka, don masu jira sun yi yawa. Shef ya kira taro. Ya haska hoton wurin a bango, babba, fes, har ana iya ƙirga itatuwa, ya ɗora zanen filaye a kai, layi-layi gwanin sha'awa. Hoton na rani ne. Ƙasa duk launi ɗaya, ja-ja-ja, babu tudu babu kwari. Amma ni ban buƙaci launi ba. A kusurwar ƙasa ta hagu na ga giginyoyi uku a tsaye, biyu kusa da juna, ɗaya ta ware. Na san su kamar ƴaƴana. Na taɓa tsayawa a gindinsu ruwa yana kai mini ƙugu, tsohon mai awo yana kan tudu yana yi mini ihu in fito kada in tafi kogi. Zanen Shef ya shimfiɗa filaye bakwai a kan wannan kwarin.

Ya gama bayani, ya juyo.

"Duwayan, akwai magana?"

Kowa ya juyo gare ni. Na so in faɗa. Sai na tuna teburina, na tuna mangaza, na tuna "ba sai mutum ya shiga taɓo ba". Na ce a raina, bari ya shiga, ya ji yadda taɓo yake. Na gyara hula na ce, "Shef ya fi mu sani. Ai hoto ba ya ƙarya."

Na fita daga taron nan da sanyi a zuciya irin na wanda ya ɗana tarko. Ban yi tunanin mutum bakwai ba. Lambobi bakwai na gani, da fuskar Shef ranar da ruwa zai zo.

Akwai wani dattijo, aminin mahaifina, tsohon direban kamyo, babbar motar kaya. Shekara talatin da wani abu yana tsakanin Kotonu da Yamai. Lokacin ina lise, makarantar sakandare, a Doso, shi ke ɗauka ta a gaban mota in hutu ya ƙare, ya sauke ni a tasha, ya cusa mini garin rogo da sukari a jaka yana harara ta kada in yi godiya. Da mahaifina ya rasu shi ya karɓa mini aure. Baba nake ce masa, shi kuma ɗana. Duk tsawon rayuwarsa a gidan haya yake, shi da tsohuwar matarsa, ƴaƴansu mata duk sun yi aure. Burinsa ɗaya ne, kuma ba ya ɓoye shi: ranar da ya mutu a fitar da shi ta ƙofar gidansa, kada mai gida ya tsaya yana duba ko an goge masa bango da makara.

Dosiyensa na neman fili ya shekara uku a armuwar ɗinmu, a zamanin shayi. Ba don mugunta ba. Na gida ne, na gida kuwa shi ake bari ƙarshe, don ba ya faɗa. Duk lokacin da ya tambaya sai in ce, "Ana nan ana dubawa, Baba."

Wata Asabar da hantsi ya yi sallama a ƙofar gidana, ɗauke da doya uku manya da ya sayo a Malanbil. Ya zube su gaban matata, ya zauna kan tabarma, ya zaro takarda daga aljihun gaba, a naɗe cikin leda.

"Ɗana, ka gani? Kwana biyar. Yaron ga naku na Yamai, Allah shi yi mai albarka. Ni da nike ganin sai na mutu ban ga hilina ba. Ko ruwa ban ba kowa ba, lamba kawai niɗ ɗauka ga ƙohwa."

Na karɓi takardar. Ban ma gama karanta lambar ba na san wurin. A cikin filaye bakwai ɗin nan, nasa ne na can ƙasa, daidai gindin giginyar da ta ware.

"Mi kag gani? Wurin da kyau ko?"

Nan ne ya kamata in faɗa. Babu taro, babu Shef, daga ni sai shi sai doya. Amma yanzun nan ya gama sa wa mutumin da na tsana albarka a kan tabarmata, kuma a cikin albarkar akwai shekara ukun da na ɓata masa, ko da bai faɗa ba. In na ce wurin hanyar ruwa ne, zai ce me ya sa aka ba shi, in ce Shef bai sani ba, ya ce kai fa? Na miƙa masa takardar.

"Allah ya sanya alheri, Baba. In za ka gina dai ka ɗaga harsashi sosai."

Ya yi dariya. "Ni da nis san laka tun daga Faraku har Doso? Bar ni da harsashi."

Ba zan ce ban yi yunƙuri ba, amma yunƙurin bai kai a kira shi yunƙuri ba. Sau biyu na tashi da niyyar in shiga wurin Shef in ce a canza wa dattijon fili. Na farko na tarar yana waya, ya ɗaga mini yatsa in jira, na juya na fita, ni ba za a ɗaga wa yatsa ba. Na biyu na fara, "Shef, akwai wani fili a arewa," ya ce, ba tare da ya ɗago kai ba, "Rubuta mini a takarda, Duwayan, da dalili, in sa a layi." Wannan ita ce ƙa'idarsa ga kowa. Amma in rubuta dalili, in sa hannu, ma'anarsa in rubuta cewa na gani a bango na yi shiru. Na ce ba komai, wata rana. Na riƙa lallashin kaina: ba kowace shekara ruwa ke bin kwarin ba, dattijon ba shi da halin gini yanzu, kafin ya tara abin gini Shef ya tafi, ni kuma in gyara a natse.

Ashe ya sayar da kamyon. Tsohuwar motar nan da ya ce ita ce ɗansa namiji, wadda ke kawo masa ɗan abin cefane in ya ba da ita haya zuwa kasuwannin ƙauye, wani ɗan Kamba ya saye ta. Kafin in ji labari an buga tubalin laka, an sayo azara ta giginya, an sauke kwano. Ciki biyu da rumfa da ɗan zaure, da ƙofar ƙarfe shuɗiya wadda ya je da kansa ya tsaya a kan maƙeri har aka gama. Cikin zafin bazara yake wuni a wurin da malafa, yana faɗa da magina kan kowane tubali. Ya ɗaga harsashin kuwa, kamar taku ɗaya. Ruwan da na sani a wurin ba ruwan taku ɗaya ba ne.

Ranar da suka tare ya yi sadaka, shinkafa da kifi. Na je. Ya kama hannuna ya zagaya da ni ɗaki-ɗaki, ya nuna mini inda zai dasa mangwaro, ya ce wa mutane, "Ɗana ne, shi ad da biron hilaye." Na ci shinkafar nan, na sha ruwa, na yi addu'a tare da kowa, na shafa.

Ruwan farko da na biyu suka wuce lafiya. Har na fara cewa a raina ka gani, tsoron banza. Sai tsakiyar damina aka kwana biyu ana yayyafi ba ɗaukewa, ƙasa ta ƙoshi, rana ta uku da hantsi hadari ya haɗo daga gabas ya zuba kamar da bakin ƙwarya. Ina biro, a teburina na bakin ƙofa, ina kallon baranda ta cika. Wajen azahar wani mai moto ya shigo jiƙe sharkaf ya ce ruwan tudu ya sauko ta sabbin filayen arewa, gidaje na faɗuwa.

Zan faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Abin da ya fara zuwa mini daɗi ne. Na juya na dubi Shef, na ga fuskarsa ta zama toka, na ji wani abu mai zaƙi ya ratsa ni. Bai fi ƙiftawar ido ba, sannan na tuna shuɗiyar ƙofa. Amma ya zo, kuma shi ya fara zuwa.

Muka tafi tare a motar komin. Daga kan tudu muka sauka da ƙafa. Ruwa ja, mai ƙarfi, ya bi hanyarsa ta da, daidai inda turakunmu suka taɓa tsayawa. A cikin filaye bakwai huɗu ne aka gina, biyu na siminti, sun sha ruwa amma suna tsaye. Na laka biyu sun zauna. Ba a rasa rai ba, Allah ya sa da rana ne, maƙwabta sun fitar da tsohuwa tun ruwa na idon sawu. Baba yana tsaye a gindin giginya, ruwa har cinya, ya rungume ƙofar ƙarfen nan da ta rabu da bango, kada ta tafi. Kwano ya kife a kan laka, azara ta yi nan ta yi can. Da ya gan ni sai ya ce, "Ɗana, kama mani nan." Na shiga na kama, muka fito da ita tudu. Ya dafa kafaɗata yana haki ya ce, "Ikon Allah ne. Kak ka damu."

Washegari na ga Shef ya karɓi makullin mangaza. Kwana biyu ƙofar bironsa a rufe, lambobi na taruwa a allo, abin da bai taɓa faruwa ba. Rana ta uku ya leƙo ya ce in shigo, in ja ƙofa.

Littafin damina na kan teburinsa, a buɗe, gara ta ci gefensa. Ya juyo da shi wajena ya ɗora yatsa. Layi biyu ne: "Kwarin giginya uku. Ruwa har ƙugu, da gudu. Kada a ba kowa."

"Hannun wa ne wannan?"

"Nawa ne."

"Ranar taro ka ga giginyoyin a bango?"

"Na gan su."

"Na tambaye ka, Duwayan. Gaban kowa na tambaye ka."

"Ka tambaye ni bayan ka gama zane. Kai ka ce a kai littafin mangaza. Kai ka ce ba sai an shiga taɓo ba. Ni ban zana ba, ban sa hannu ba."

Ya dube ni. Ba tsawa, ba buga tebur, da ya yi da na fi jin daɗi.

"Gaskiya ne, ba ka sa hannu ba," ya ce. "Ni ka so ruwan ya ci. To ga ni nan a bushe."

Na shiga ban ɗauka ba, ba ta fid da ɓarawo. Na san karin maganar tun ina yaro, ban taɓa jin ta a jikina ba sai ranar.

Na jira takardar tuhuma, ba ta zo ba. A gaban magajin gari da konseye, wato kansiloli, Shef ya miƙe ya ce laifin nasa ne, shi ya soke zagayen damina ba tare da ya tambayi amfaninsa ba, kuma akwai littafi a bironsa da bai karanta ba. Bai ambace ni ba ko da harafi. Aka yi masa faɗa, ya shanye. Mutane suka ƙara yabonsa, wai ga shugaba mai amsa laifi. A cikin duk abin da ya yi mini, wannan rufin asirin ne na kasa yafe masa, don tun daga ranar duk gaisuwar da zan yi masa sai na sunkuya a ciki.

Ya dawo da zagayen, amma irin nasa. Sabon yanka kawai ke jiran damina, shi ma ba duka ba, sai inda littafi ko masu gona suka nuna shakka. Sauran takardu kwana bakwai ɗinsu na nan. Ya zaunar da ni gaban ordinater, idon da ba ya gani ya gani, na kwashe littafin damina kaf na zuba a ciki, kowace tsamiya da kowace rijiya aka ɗora ta a kan hoton. Aikin ya fi na da, ya fi nasa na farko. Na faɗa, kuma ba da daɗin rai na faɗa ba.

Mutum bakwai ɗin aka canza musu filaye a kan tudu. Shida suka zo suka karɓa. Takarda ta bakwai Shef ya ajiye a teburina ya ce, "Wannan naka ne. Kai za ka kai."

Na tarar da Baba a wani ɗaki ɗaya a gidan surukinsa, mijin babbar ƴarsa, a bayan kasuwa. Shuɗiyar ƙofar na jingine a bangon tsakar gida, an shanya tabarma a kanta. Ya rame. Ya amsa sallamata, ya nuna mini buzu. Na miƙa masa takardar, na ce wannan a kan tudu yake, ni da kaina na taka shi. Ya riƙe ta bai buɗe ba.

"An ce akwai littahi," ya ce. "An ce tun tuni an rubuta kada a ba kowa wurin."

"Akwai."

"Shekarunka nawa ga biron?"

Na faɗa masa.

"To. Ran da niz zo maka da doya, ka san da ruwan?"

Ina da amsoshi da yawa, na shirya su tun a hanya. Na ce ka ɗaga harsashi. Na je wurin Shef sau biyu. Ba ni na zana ba. Na dube shi, na ga mutumin da ke cusa mini sukari a jaka yana harara ta.

"Na sani, Baba."

Bai tambaye ni dalili ba. Da ya tambaya, da sai in ce masa gidansa ya tafi ne saboda an ja teburina daga ƙarƙashin taga. Ya gyaɗa kai a hankali, ya ɗaga gefen katifa ya tura takardar, ya mayar. Tsohuwa ta leƙo da kwanon ruwa, ya ɗaga mata hannu, ta koma da shi.

"Mun gode, ma'aikaci," ya ce. "A gaida shef ɗinku."

Shekara biyu ke nan. Muna haɗuwa a masallacin Juma'a, in gaishe shi, ya amsa da kyau, "Lahiya lau, ma'aikaci, ina aiki?" Na aika da siminti buhu goma ta hannun surukinsa, aka dawo mini da shi a amalanke washegari, ba saƙo. Shef har yanzu yana nan, har yanzu Duwayan yake ce mini, har yanzu ba na son sa.

Kowace damina, bayan ruwa na uku, ni ke jan zagaye, da turaku da jan ƙyalle. Hanyarmu ta dawowa tana bi ta gefen sabon filin Baba. Borni huɗu ne da ciyawa, babu tubali ko ɗaya, don babu kamyo na biyu da za a sayar. Nakan tsaya in duba ƙasar, kamar yadda aiki ya ce. Wuri ne mai kyau, a kan tudu, ruwa bai taɓa kwana a cikinsa ba.